Henry Cavendish: Masanin Da Hira Ta Gagara

'Yan'uwana mata, kun san mutumin da ake kira miskili, alhali ba girman kai gare shi ba? Haka Henry Cavendish, Baturen Ingila, yake. An haife shi a 1731, ya rasu a 1810. Shi ya gano iskar haidurojin a 1766, ya auna nauyin duniya a 1798, amma hira ta gagare shi. Ko abinci yake so, takarda yake rubuta wa 'yan aikinsa mata. Masana abokansa sun san halinsa, sai su tsaya kusa su yi magana kamar da bango, in ta yi masa ya amsa. A 2001 likita Oliver Sacks ya ce halayen nan sun yi kama da otizim, wato wata halittar ƙwaƙwalwa da ba ta da suna a zamanin Cavendish.