Hergé, mai zanen Tintin, da bangon littafin da aka ƙi bugawa

A ranar 14 ga watan Janairu na shekarar 2021, a wani gidan gwanjo na birnin Paris, aka sayar da wata takarda guda ɗaya tak, wadda har alamun ninki ke jikinta, a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 3 da dubu 200, wato fiye da miliyar 2 na kuɗin sefa. Zane ne na bangon littafi: wani saurayi da farin karensa sun leƙo daga cikin wata babbar randa ta ƙasar Sin, ga wani jan dodo ya wage baki a gabansu. Duk wanda ya taɓa zaman bencin lakwal a cikinmu ya san saurayin nan, Tintin ne, karen kuwa Milou. Wanda ya zana su shi ne baƙon wannan fili namu na yau.

Sunansa na yanka Georges Remi. An haife shi ranar 22 ga watan Mayu na 1907 a Etterbeek, cikin Brusel, babban birnin Beljik. Harufan farko na sunansa ya juya suka zama R.G., wanda da Faransanci ake faɗi Hergé. Ya kama aiki a jaridar ƴan Katolika mai suna Le Vingtième Siècle, ƙarƙashin wani fada, Norbert Wallez, wanda a 1928 ya damƙa mashi shafin yara. A can ne Tintin ya fara fitowa, ranar 10 ga watan Janairu na 1929.

Wallez ne ya sa shi ya tura Tintin zuwa Kongo a 1930, lokacin ƙasar na hannun Beljik. Hergé bai taɓa taka Kongo ba. Abin da ya ji a bakin mutanen gari shi ya zuba a takarda: baƙaƙe masu manyan leɓuna, raggaye, marasa wayo, suna durƙusa ma Bature. Mu da muka karanta littafin muna yara mun sha dariya, sai da muka girma muka gane ashe da mu ake. A 2007 wani ɗan Kongo ya kai ƙara a hana sayar da littafin, amma a 2012 kotun Beljik ta yi watsi da ƙarar.

A 1934 ne al'amari ya canza. Da ya sanar cewa Tintin zai je ƙasar Sin, wani fada mai kula da ɗalibai ƴan Sin ya rubuto mashi yana jan kunnensa da kada ya yi masu zanen raini. Ta haka aka haɗa shi da Zhang Chongren, ɗalibi a makarantar zane ta Brusel, kuma tsaransa. Zhang ya koya mashi riƙon buroshi irin nasu, ya bayyana mashi mamayar da Japan ta yi ma yankin Manchuriya a 1931, ya kuma rubuta da hannunsa rubutun Sinanci da ke jikin gine-gine a cikin labarin. Daga nan aka samu Le Lotus bleu, kuma Hergé ya saka abokin nasa a ciki da sunan Tchang.

Bangon wannan littafi ne aka yi gwanjonsa. Ya zana shi a 1936 da baƙar tawadar Sin da fenti, dodo ja a kan baƙin fili. Kamfanin ɗab'i na Casterman ya ce buga launukan zai ci kuɗi da yawa, aka ajiye shi gefe. Bangon da muka sani yau ya fi sauƙi, dodon baƙi ne, filin ja.

Yadda yake aikin ya cancanci mu ɗan tsaya. Da kiriyo yake farawa, ya yi ta maimaita hannu guda ko ƙafa guda, layi bisa layi, har takardar ta kusa hujewa. Sannan ya aza takarda mai shara-shara, ya tsamo layi ɗaya da ya fi rai daga cikin tarin, ya mayar da shi kan sabuwar takarda. Sai a lokacin alƙalamin ƙarfe da tawada ke shigowa. Tawadar allo dai ana wanke ta, amma ta Sin in ta bushe ta zauna ke nan, in an yi kure sai dai a rufe da farin fenti. Layinsa kaurinsa ɗaya, babu ƙananan zane-zanen nuna duhu, launi kuma shimfiɗe yake. Wannan salo ne wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Joost Swarte, ya raɗa ma suna tsabtataccen layi a 1977. Shi ya sa ko daga ƙofar kanti ka hango bangon Tintin, ka san abin da ke faruwa a cikinsa.

Rayuwar tasa ba ta kai layin nasa tsabta ba. Da Jamus ta mamaye Beljik a 1940, ya ci gaba da zane a jaridar Le Soir da ke hannun ƴan mamaya, har ya yi zanen ɓatanci ga Yahudawa. A 1944 an kama shi sau huɗu, amma ba a yanke mashi hukunci ba. Raymond Leblanc, wanda ya yi gwagwarmaya da Jamusawa, shi ya fitar da shi kunya da ya kafa mujallar Tintin a 1946. A 1950 ya buɗe ɗakin aikinsa, inda daga baya ya yi aiki da mataimaka irin su Bob de Moor.

Ya sake waiwayo Afirka a 1958 cikin Coke en stock, labarin maniyyata baƙaƙe da ake yaudara a kan hanyar Makka a sayar da su bayi. Niyyar mai kyau ce, amma ya sa su suna gwarancin Faransanci. Mujallar Jeune Afrique ta soke shi a 1962, sai a 1967 ya gyara masu baki. A namu gani, hannun da ya iya girmama mutanen Sin zai iya girmama mu, abin da Afirka ta rasa shi ne nata Zhang da zai zauna kusa da teburinsa.

Bai manta da abokin nan ba. A Tintin au Tibet na 1960, wanda ya zana lokacin da aurensa na farko ke lalacewa, Tintin ya hau duwatsu neman Tchang da kowa ya ce ya mutu. Bangon littafin kusan duk farin ƙanƙara ne, da sawun wata dabba a ciki. Zhang na gaske kuwa sai a watan Maris na 1981 suka sake ganin juna a Brusel, bayan shekara 46.

Hergé ya rasu ranar 3 ga watan Maris na 1983 yana da shekara 75. Ya bar littattafan Tintin 23 kammalallu, ya kuma nuna ba ya so wani ya ci gaba da zana shi a bayansa. Na 24, Tintin et l'Alph-Art, an buga shi a 1986 yadda ya bar shi, da kiriyo da biro, bai kai ga tawada ba.