Al-Magili, malamin da ya tsaya wa manɗiƙi

Da yawanmu mun san Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili da littafin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Kaɗan ne suka san shi da manɗiƙi, wato ilimin auna hujja.

An haife shi a Tilimsan, cikin Aljeriya ta yau, a ƙarni na 15, daga bisani ya zauna a Tuwat, tsakiyar Sahara. A zamaninsa Imamu Suyuɗi na Masar ya yi fatawar haramta shagala da manɗiƙi, domin asalinsa daga Yunanawa yake. Al-Magili ya aika masa da martani cikin waƙe, Suyuɗi kuma ya mayar da nasa. Tushen maganar al-Magili shi ne, da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. Hujja a wurin masu wannan fanni gini ce: a kafa muƙaddimomi, sakamako ya fito daga cikinsu tilas. Duk mai sa maye haramun ne, giya tana sa maye, saboda haka giya haramun ce. Ko wane ne ya furta wannan, ginin na nan daram. Mu injiniyoyi ma ba mu tambayar addinin wanda ya gano lissafin ginshiƙi, nauyin da zai ɗauka muke dubawa. Al-Magili har manzuma ya tsara a fannin, mai suna Minahul Wahhab.

Sai dai ingancin gini ba ya gyara harsashi, kuma a nan tarihinsa ke da nauyi a zuciya. Ya kafa cewa Yahudawan Tuwat sun warware alkawarin zimma, ya gina hukunci a kan haka. Alƙalin yankin, al-Asnuni, ya musa wannan muƙaddima, malaman Magrib suka rabu biyu. Duk da haka aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit, aka zubar da jini. A ganina, muƙaddimar da malamai ke jayayya a kanta ba ta isa ɗaukar irin wannan hukunci ba.

Bayan haka ya nufi Kano, sannan Gao, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Yana can labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya koma, ya rasu a can wajajen 1504. Sharifan Kano har yau suna danganta kansu da shi.