Masutatsu Oyama (1923–1994) da Ƙa'idojin Kareti Mai Dukan Gaske

An haifi Masutatsu Oyama ranar 27 ga Yuli, 1923, a yankin Gimje na kudancin Koriya, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin mallakar Japan. Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Choi Yeong-eui. A shekarar 1938 ya ƙetara zuwa Japan ya shiga makarantar koyon aikin jirgin sama a Yamanashi, kuma a can ƙasar ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. Ya koyi salon Shotokan a makarantar Gichin Funakoshi, sannan ya karɓi salon Goju-ryu daga So Nei-chu, wani ɗan ƙasarsu. Bayan yaƙin duniya na biyu ya keɓe kansa a dutsen Minobu, daga bisani a dutsen Kiyosumi, yana horar da jikinsa shi kaɗai.

Daga nan tarihinsa ya cakuɗe da almara. An yayata cewa ya kara da bijimai fiye da hamsin da hannu tsirara, har yana karya musu ƙaho. Littafin barkwanci mai zane, Karate Baka Ichidai, wanda Ikki Kajiwara ya fara fitarwa a 1971, ya ƙara wa labaran gishiri, ya kuma kwararo masa da ɗalibai. Mai nazari zai fi cin riba idan ya bar bijiman ya dubi ƙa'idojin gasa da Oyama ya kafa, domin a nan ne tasirinsa ya tabbata.

A wancan zamani, yawancin makarantun kareti na Japan suna bin tsarin tsayar da duka gab da ya taɓa jikin abokin karawa, alƙalai kuma su ba da maki bisa kyawun harin. Oyama ya ga cewa wannan tsari yana yaye mutanen da ba su taɓa sanin zafin naushi ba. Makarantar da ya buɗe a Tokyo a 1953 ta yi suna da tsanani: ana kai duka har fuska, a wasu lokuta da tawul a naɗe a hannu, raunuka sun yawaita, ɗalibai da dama kuma sun gudu. A 1964 ya kafa hedikwatar ƙungiyarsa ta Kyokushinkaikan a unguwar Ikebukuro. A wannan shekara ce mutanensa uku suka je Bankok suka kara da 'yan damben Tailan. Biyu suka yi nasara, Kenji Kurosaki ya sha kaye.

Abin da ake jurewa a cikin makaranta ba zai yiwu a gaban jama'a ba. Saboda haka, da aka shirya gasar farko ta ƙasar Japan a 1969, wadda Terutomo Yamazaki ya lashe, dole aka shata iyaka. Tsarin da Kyokushin ta zauna a kansa shi ne a yi faɗa ba safar dambe, ba sulken ƙirji, a kai naushi da cikakken ƙarfi ga ƙirji da ciki, a kai shuri ga cinya da haƙarƙari har da kai. An haramta kai hannu ko gwiwar hannu ga fuska da wuya, da dukan al'aura, da karo da ka, da cafkar riga, da dukan wanda ya riga ya faɗi. Wanda aka kayar ya kasa miƙewa cikin daƙiƙa uku ya sha kaye ke nan. Idan ya miƙe kafin nan, abokin karawarsa ya sami rabin maki. Idan wasa ya ƙi rabuwa bayan ƙarin lokaci, akan duba bambancin nauyi da yawan allunan katako da kowa ya fasa. Gasar duniya ta farko, wadda aka yi a Tokyo a 1975 Katsuaki Sato ya ci, ba ta raba mutane bisa nauyi ba.

A nan ne ce-ce-ku-ce ya taso, kuma har yau bai lafa ba. Hana naushin fuska yana da hujja: dunƙulallen hannu tsirara yana tsaga fata, yana zubar da haƙora, yana kuma karya ƙasusuwan hannun mai dukan kansa. Sai dai ƙa'idar da ta kare fuska daga hannu ta bar kai a buɗe ga ƙafa da gwiwa, alhali shuri ya fi naushi nauyi, kuma shi ne kan sumar da mutum nan take. Haka kuma ta haifar da ɗabi'ar tsayawa ƙirji da ƙirji ana musayar duka, hannaye a ƙasa. A ganina, abin da Oyama ya yi zaɓi ne tsakanin hatsari biyu, ya ɗauki wanda jini bai cika bayyana a cikinsa ba. Almajiransa ma ba su yi ittifaƙi da shi ba. Takashi Azuma ya ɓalle a 1981 ya kafa Daido Juku, inda ake sanya kwalkwali mai kare fuska a kuma halatta naushin kai. Kazuyoshi Ishii, wanda shi ma daga zuriyar Kyokushin ya fito, ya kafa gasar K-1 a 1993 da safar dambe.

Akwai kuma gwajin karawa da mutum ɗari a jere, wanda Steve Arneil ya kammala a 1965, kuma kaɗan ne suka iya bin sawunsa.

Oyama ya rasu a Tokyo ranar 26 ga Afrilu, 1994, sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 70. Wasiyyar da aka ce ya bari a gadon asibiti ta ambaci Shokei Matsui a matsayin magaji, amma iyalansa suka ƙalubalance ta, kotu kuma ta ƙi amincewa da ita. Ƙungiyar ta dare gida-gida, kowane ɓangare yana shirya tasa gasar duniya.