Chandrasekhar, Saurayin da Aka Yi wa Dariya a Landan

Mu 'yan sashen lantarki kullum cikin lissafin girgiza muke, amma ban san tauraro ma yana girgiza ba sai da na karanta tarihin Subrahmanyan Chandrasekhar.

An haife shi a Lahore ran 19 ga Oktoba, 1910. Baffansa shi ne C. V. Raman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1930. A wannan shekarar ce Chandrasekhar ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila ƙaro ilimi, yana da shekara 19, wato sa'an yawancinmu. A cikin jirgin ya fara lissafin da daga baya ya nuna cewa mataccen tauraro, in nauyinsa ya haura na rana sau 1.4, ba zai iya riƙe kansa ba, sai ya rufta.

A Janairun 1935 ya gabatar da aikin a wani taron masana taurari a Landan. Yana zama, Arthur Eddington, babban malamin fannin a lokacin, ya miƙe ya mayar da abin raha, aka yi ta dariya. Manyan da suka san yaron ke da gaskiya ba su fito fili sun kare shi ba. Wannan shirun ya fi dariyar ci mini rai. A 1937 ya koma Jami'ar Shikago, can ya ƙare aikinsa.

To, ga inda ya fi burge ni. A 1970 ya nuna cewa tauraro mai juyi da tsananin sauri zai iya rasa natsuwa saboda igiyoyin nauyi da yake fitarwa. John Friedman da Bernard Schutz suka faɗaɗa bayanin a 1978. Ɗauki tauraron niyutiron, wanda faɗinsa bai fi kilomita 20 da ɗoriya ba amma ya fi rana nauyi. Akwai wanda ke juyawa sau 716 a daƙiƙa ɗaya. Girgizar jikinsa kan yi baya, amma juyin ya ja ta gaba, kamar fasinjan da ke takawa zuwa bayan jirgin ƙasa, alhali na tsaye a tasha yana ganinsa yana yin gaba. In haka ta faru, igiyoyin da girgizar ke fitarwa ƙara mata ƙarfi suke yi maimakon su kashe ta, tauraron kuma yana rage gudu.

Nobel ɗinsa bai zo ba sai 1983. Ya rasu ran 21 ga Agusta, 1995, shekara 20 kafin na'urar LIGO ta fara kama igiyoyin nauyi. Ta ji karon taurarin niyutiron biyu a 2017, amma siririn amon tauraro guda mai girgiza, wanda lissafinsa ya buɗe wa hanya, har yanzu ana kasa kunne.