Sima Qian, Uban Tarihin Ƙasar Sin

An haifi Sima Qian a ƙasar Sin wajen shekara ta 145 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin daular Han. Mahaifinsa, Sima Tan, shi ne mai lura da taurari da kundayen fadar Sarki Wu. Da zai rasu a shekara ta 110, ya bar wa ɗansa wasiyya ya kammala tarihin ƙasarsu da ya soma.

A shekara ta 99, wani sarkin yaƙi, Li Ling, ya miƙa wuya ga abokan gaba. Fadawa suka yi ta la'antarsa, Sima Qian kuwa ya kare shi. Sarki ya fusata, aka yanke masa hukuncin kisa. Ba shi da kuɗin fansa, sai ya yarda aka dandaƙe shi, don ya rayu ya cika wasiyyar uban.

Littafinsa, Shiji, babi 130 ne. Ban da sarakuna, ya ba da labarin attajirai, likitoci, malamai da wawayen sarki. Ta dalilinsa muka san yadda jama'ar wancan zamani suka zauna da juna. Tsarinsa kuma marubutan tarihin daulolin Sin suka bi ƙarnuka da yawa. Muna koyon riƙon amana daga gare shi.