Alhaji Abubakar Imam a Kujerar Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a Midil ta Katsina. Manazarta sun fi mayar da hankali kan Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, har shaharar littattafan ta kusa danne aikinsa na jarida.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam yana editanta, Rupert East yana kula da aikin. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta don daƙile jita-jita a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk da haka, filin wasiƙunta ya zama dandalin da 'yan boko ke kokawa kan mulkin En'e, shi kuwa edita yana suka cikin lalama, yadda sarakuna za su ji ba tare da an tozarta su ba.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, inda ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara. Ya rasu a Zariya a 1981.