John James Audubon (1785–1851)

An haifi John James Audubon a ranar 26 ga Afrilu, 1785, a garin Les Cayes na ƙasar da a yau ake kira Haiti. Mahaifinsa Bafaranshe ne, shugaban jirgin ruwa. Ya tashi a kusa da birnin Nantes na Faransa, sannan a 1803 aka tura shi Amurka domin kula da gonar mahaifinsa da ke kusa da Philadelphia.

Audubon ya jarraba kasuwanci a jihar Kentucky, amma a 1819 ya karye, har aka ɗaure shi saboda bashi. Daga nan ya duƙufa ga zanen tsuntsaye, matarsa Lucy kuwa ta riƙe gida da aikin koyarwa. Da ya rasa mai buga aikinsa a Amurka, sai ya nufi Birtaniya a 1826. Tsakanin 1827 da 1838 aka fitar da littafinsa The Birds of America, mai ɗauke da zane 435, kowane tsuntsu daidai da girmansa na zahiri.

Abin lura a aikinsa shi ne yadda bai raina tsuntsayen da ke maƙwabtaka da ɗan Adam ba. Ya zana tsattsewa da sheƙarta ta laka maƙale da katako. Ya zana wata dangin tsattsewa da ta mayar da gora da aka rataya gidanta, da kuma wani ɗan tsuntsu yana ciyar da 'ya'yansa cikin tsohuwar malafa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin da ya tashi a Batsari ko Safana, inda shamuwa kan zo da farkon damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta.

Sai dai tarihinsa yana da tabo. Yakan harbe tsuntsu, ya kafa shi da waya kafin ya zana, kuma ya mallaki bayi ya sayar. Ya rasu a birnin New York ranar 27 ga Janairu, 1851. Zanensa ya wanzu a matsayin shaida, har ga wasu tsuntsayen da yanzu suka ƙare a duniya, domin abin da ba a adana siffarsa ba, ranar da ya ɓace ba mai iya kwatanta shi.